Bin Sawun Hayaƙin Gobarar Daji da Hotunan Tauraron Ɗan'adam: Nazari a kan Yankin Daddara da Iyakar Jibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake rarrabe hayaƙin gobarar daji da ƙurar hunturu a samaniyar Daddara, ta kuma kafa hujja cewa hoto ɗaya ba ya isa a gina hukunci a kansa, sai an gwama shi da wasu ma'aunai da shaidar mutanen ƙasa.

Muƙaddima

Daddara tana cikin ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina, kusa da iyakar da ake ƙetarawa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ga Dajin Rugu ta kudu, ga kuma Dajin Baban Rafi a ɓangaren Nijar. Da zarar kaka ta wuce ciyawa ta bushe, mafarauta da masu sassabe sukan cunna wuta, wani lokaci ta fi ƙarfinsu ta cinye makiyaya, alhali a daidai wannan lokaci ne iskar arewa maso gabas take kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, har ya zamana abin da jama'a suke kira hazo gauraye ne na abubuwa biyu waɗanda asalinsu da illarsu suka sha bamban.

Hanyar Bincike

An dogara ga na'urori iri uku. Ta farko ita ce MODIS, wadda ke kan taurarin Terra na 1999 da Aqua na 2002, tana gane wuta ta zafin da take fitarwa, kowane ɗigo na hotonta kuwa kimanin kilomita 1 ne. Ta biyu VIIRS ce, wadda aka harba a 2011, ta rage faɗin ɗigon zuwa mita 375. Ta uku ita ce SEVIRI ta tauraron Meteosat, wadda ko da yake ganinta bai kai na sauran kaifi ba, tana ɗaukar hoton Afirka kowane minti 15, saboda haka da ita ake bin tafiyar hayaƙi sa'a bayan sa'a.

Tattaunawa

Mas'ala ta farko ita ce ta bambancewa. Ƙwayoyin hayaƙi ƙanana ne ƙwarai, na ƙura kuwa manya, don haka kowanne da yadda yake watsa haske. Bugu da ƙari hayaƙi yana tafe da iskar kabon monoksaid, wadda na'urar TROPOMI ta 2017 take aunawa, ƙurar sahara kuwa ba ta ɗauke da ita.

Ta biyu ita ce ta tsawo. Binciken DABEX, wanda aka gudanar da jiragen sama daga Yamai a farkon 2006, ya nuna cewa ƙura takan kwanta a ƙasa-ƙasa, hayaƙin da ya taso daga dazuzzukan kudu kuwa yakan hau bisanta har kilomitoci, iskar sama ta mayar da shi arewa. Ke nan mai duba hoto, in ya yi ƙiyasi da iskar da yake ji a jikinsa kaɗai, yana iya ɗora wa Nijar alhakin hayaƙin da asalinsa daga kudancin iyaka ne.

Ta uku ita ce ta ƙananan wutace. Wutar sassabe takan kama ta mutu cikin ɗan lokaci, Terra da Aqua kuwa da rana sau ɗaya-ɗaya suke wucewa, ɗaya da hantsi ɗaya da azahar, ga shi hazo mai kauri yana dusashe abin da na'ura ke gani. Rashin alamar wuta a hoto bai zama dalilin rashinta a ƙasa ba.

Kammalawa

Kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya, haka ya wajaba mai bincike ya haɗa hoton wuta da awon iska da rahoton masu unguwanni da makiyaya. Tun da yake Nijeriya tana da hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA tun 1999, Yamai kuma tana da cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET tun 1974, maslaha ita ce su riƙa musayar bayanai, a kuma kafa ma'aunin hayaƙi a ƙasa a yankin Jibiya, domin gargaɗi ya isa ga manomi da makiyayi na kowane ɓangaren iyaka kafin wuta ta iso gare su.