Ɗanka yana lise ta kuɗi: wace shawara za ka jira daga makaranta kan karatun gaba da Bak?

Jama'a masu saurarenmu, daga Madarunfa, Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma, da ƴan uwa da ke Legas, Kwatano, Agadas ko ƙasar Libiya suna turo kuɗin makaranta: duk damina idan sakamakon Bak ya fito, kuka ɗaya muke ji. Uba ya sayar da gero da ɗan rago, ya kai yaro makarantar kuɗi a Maraɗi, yaro ya ci jarabawa, amma ya zauna gida bai san inda zai dosa ba. Sai a ce makaranta ta ci amana. To, mene ne haƙƙin makaranta a nan, mene ne kuma na uwaye?

Zaɓi yana farawa tun daga BEPC

Yawancinmu muna zaton sai an ci Bak ake tunanin jami'a. Ina! Bayan shekara 4 na kwalej da jarabawar BEPC, yaro yana shiga lise ta shekara 3, kuma tun ajin farko ake raba hanya: ko A ko C. Masu A suna bin adabi, harsuna, tarihi da falsafa. Masu C kuma a aji na biyu suke rabuwa: wasu su tsaya kan C, wato lissafi da fizik, wasu su koma D, inda kimiyyar halittu ta fi nauyi. Akwai kuma hanyar fasaha da sana'a, irin ta Lise Teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi.

Ga inda gizo ke saƙar. Uban da yake son ɗiyarsa ta zama likita, in ta yi shekara 3 a sashen A, ƙofar nan ta rufe, domin karatun likita Bak na kimiyya yake nema, C ko D. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ya kamata makaranta ta yi

Na farko, ta gaya maka gaskiya kan makin ɗanka. A kan 20 ake auna maki, da 10 ake ci. Daga 12 ake samun yabo na farko, sai 14, sai 16, kuma wannan yabo yana da tasiri wajen neman gurbi a sassan da ake rububi. In lissafin yaro bai kai ba, gara a faɗa maka tun da wuri.

Na biyu, ta bayyana wa yara abin da kowace jami'a take koyarwa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maraɗi ta fi ƙarfi wajen aikin gona da muhalli, kimiyya da fasaha, da kiwon lafiya, tana kuma da cibiyar fasaha ta IUT. Mai Bak A da ke son shari'a ko adabi sai ya duba Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta Andre Salifu a Damagaram, ko ta Jibo Hamani a Tawa. A 2014 an ƙara jami'o'i huɗu: Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ɗan makarantar Faransanci da Larabci kuma yana da Jami'ar Musulunci ta Sayi.

Na uku, ta sanar da lokacin ajiye takardu, ta kuma ba da takardun maki a kan kari.

Abin da ba ya hannunta

Makarantar kuɗi ba ita ke ba da Bak ba. Hukumar OBEECS ce take shirya jarabawar, ɗan makarantar gwamnati da na kuɗi takarda ɗaya suke rubutawa. Ba ita ke ba da gurbi a jami'a ba. Tallafin karatu, wanda muke ce ma burs, hukumar ANAB ce take kula da shi, bisa ƙa'idojinta. Duk wanda ya ce maka kawo kaza in samo ma ɗanka burs ko biza, yi hattara da aljihunka.

Masu hangen tsallaken iyaka

Katsina na nan kusa ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, shi ya sa da yawa suke tunanin Jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa ko ta Bayero a Kano. Ku sani can da Ingilishi ake karatu, kuma ta hukumar JAMB ake shiga. Ku fara tambayar jami'ar yadda take karɓar mai Bak. Wanda ya dawo da digirin waje kuma, sai an daidaita takardarsa a nan gida. Haka makarantun gaba da Bak masu zaman kansu: kafin ka biya ko dala, tambaya ko gwamnati ta ba su izini, kuma ko hukumar CAMES, mai mazauni a Wagadugu, ta amince da digirin.

Tambayoyi biyar da za ka yi wa shugaban makaranta

1. Kuna da izinin gwamnati na buɗe wannan sashe?
2. Yara nawa kuka kai Bak bara, nawa suka ci, a wane sashe?
3. Wane malami ne yake zama da yara kan zaɓin karatu, sau nawa a shekara?
4. Da makin ɗana na yanzu, wace ƙofa ce buɗe, wace ce rufe?
5. Akwai wani kuɗi daban na wannan shawara, kuma za a ba ni rasit?

Rashin jin Faransanci ba ya hana ka wannan tambaya. Ka yi da Hausa, a amsa maka da Hausa.

Naku kason

Ku lissafa shekaru kafin ku yi alkawari: digirin farko shekara 3 ne, masta 2, likitanci kuwa aƙalla 7, ga haya, abinci da kuɗin mota. Ƴan uwa na waje, in kun kira waya kada ku tsaya kan “an biya?”. Ku ce a ɗauko hoton takardar maki a turo muku ta WhatsApp kowane zango. Sannan a zauna da yaron, a ji abin da shi yake so da abin da yake iyawa. Ɗiya mace ma a yanke shawarar inda za ta sauka tun kafin sakamako ya fito, kada rashin masauki ya katse mata karatu.

Mai tambaya ya aiko mana, za mu kai ta gaban malamai a shirinmu na ilimi. Allah ya ba yaranmu sa'a.