Makirfo da Tsirkiya: Yadda Na'ura Ta Zaɓi Kiɗan da Aka Ji

Kakaki da algaita da tamburan da ake ji a ƙofar fadar Gumel ranar hawan Salla kaya ne na fili. An ƙera su domin su ratsa taro, su danne haniniyar dawakai da sowar jama'a. Amma akwai wani kiɗan da bai saba da fili ba: gurmi da garaya da molo da kuntigi, mutum ɗaya da tsirkiyarsa da muryarsa, a zaure ko a dandali bayan dare ya yi. Tarihin ɗaukar sauti bai yi wa waɗannan biyu adalci iri ɗaya ba, kuma duk matashin da ke neman makirfo mai sauƙin kuɗi a yau domin ya ɗauki muryarsa da jitarsa a ɗaki, wannan tarihin ya gada.

Har zuwa 1925 ba da makirfo ake yanka faifan garmaho ba. Mawaƙi yakan tsaya gaban wani babban mazurari, ƙarfin muryarsa ne kawai ke girgiza allurar da ke zana sautin. Mai amo ya ci riba, mai sanyin sauti ya ɓace. A 1916 E. C. Wente, injiniyan kamfanin Western Electric a Amurka, ya ƙirƙiro makirfo na kondensa, kuma daga 1925 kamfanonin faifai suka koma ɗauka da lantarki. Sai dai kayan suna da nauyi da tsada, ba sa zuwa wurin makaɗi, shi ne ke zuwa wurinsu. A Arewa babbar ƙofar ita ce gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962. Makaɗin da ke Sule Tankarkar ko Gagarawa sai ya yi tafiya, sai kuma wani ma'aikaci ya ga ya cancanta. Waɗanda suka haye wannan siraɗi su ne sunayen da aka sani: Mamman Shata, da Haruna Uji na Haɗejia da gurminsa, da Ɗanmaraya Jos.

Labarin Ɗanmaraya ya isa misali. Kuntigi gwangwani ne da aka rufe da fata, tsirkiyarsa ɗaya. A tsakiyar kasuwa, wanda ke nesa kaɗan ba zai ji shi ba. Makirfo da aka kusanto da shi ne ya sa mai sauraro a Damagaram ko Kumasi ya ji kowane taɓin yatsa kamar yana zaune a gefensa. Hikimar tasa ce, amma na'ura ce ta kai ta nesa.

Abubuwa biyu suka sauya lissafin. A 1962 Gerhard Sessler da James West suka samar da ƙaramin makirfo na ilektiret, mai arha ƙwarai. A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset. Da aka haɗa su a cikin rikoda mai batir, ɗaukar sauti ta isa hannun mutanen ƙauye. Ana ajiye rikoda a kan tabarma wajen biki, ta kwashe waƙa tare da carar zakara da kukan jariri da guɗar mata. Sautin ba shi da tsabta, amma makaɗin da Kaduna ba ta taɓa jin sunansa ba ya samu shiga aljihun mutane, kuma kasuwannin mako irin ta Maigatari, mai ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar, sun ishe kaset hanyar tsallaka ƙasa.

Sai zamanin fiyano. A ƙarshen shekarun 1990 sutudiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha domin waƙoƙin fina-finai, cikin ɗan lokaci kayan tsirkiya suka ja baya. An saba ɗora laifin a kan kwaikwayon Indiya da sauyin ɗanɗanon matasa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai dalili na biyu da ba a cika ambata ba. Fiyano da waya ake jona shi kai tsaye, sautinsa ba ya bi ta iska, don haka ƙarar janareta da hon ɗin babura ba su dame shi ba. Gurmi kuwa sai da makirfo mai kyau da ɗaki mai shiru, abubuwa biyu da ƙaramin sutudiyo a tsakiyar birni ke wahalar samu. Ko jita ba ta tsira daga salon zamanin ba: kundin farko na Mdou Moctar, makaɗin jitan Abzinawa daga Nijar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, an gyara muryar da kwamfuta irin ta waƙoƙin fim, ya kuma yaɗu ta katin waya kafin kamfanin Sahel Sounds ya fitar da wata waƙarsa ga duniya a 2011.

Yau makirfo ya yi arhar da Ɗanmaraya bai taɓa gani ba a ƙuruciyarsa, kuma zaɓin bai wuce gida biyu ba. Na farko shi ne dainamik, mai aiki da naɗin waya da maganaɗisu, ba ya buƙatar wuta, yana jure faɗuwa da ƙura. Fitattunsa su ne Shure SM57 na 1965 da SM58 na 1966, waɗanda har yanzu ake ƙerawa, kuɗinsu wajen dala 100. Na biyu shi ne kondensa, jikan na Wente, mai tantani siriri da ke kama ƙananan abubuwa: shafar yatsa a tsirkiya, numfashin mawaƙi. Irin su Audio-Technica AT2020 kuɗinsu bai yi nisa da na Shure ba, amma suna son wutar bolt 48, wato sai an ƙara sayen akwatin da ke haɗa su da kwamfuta, in ba an ɗauki mai bakin USB ba.

Masu ba da shawara a intanet kusan bakinsu ɗaya: kondensa ce ta jita. Gaskiya ne, a ɗakin da suke zaune. A Gumel lokacin bazara, fanka tana juyawa, janaretan maƙwabci yana ruri, rufin kwano yana ƙara idan rana ta gasa shi. Da hunturu kuma ƙura tana shiga ko'ina, tantanin kondensa kuwa ba ya shiri da ita. Dainamik ana manna shi kusa da baki ko jikin kayan kiɗa, saboda haka sautin da ake so yana rinjayar na waje da tazara mai yawa. Ga mai kuɗin makirfo ɗaya tak a irin wannan wuri, shi ne zaɓin hankali, ko da za a rasa ɗan ƙyallin tsirkiya. Abin lura kawai, jabun SM58 ya cika kasuwanni, kuma arhar da ta wuce kima ita ce alamarsa ta farko.

Ɗaki ma yana da nasa hukuncin. Falo mai tayil da bangon siminti yana mayar da amo, sai murya ta fito kamar daga cikin rijiya. Tsohon soro mai kaurin bango, da tabarma da katifa da tufafi rataye, ya fi shi nesa ba kusa ba, musamman da tsakar dare bayan injina sun yi shiru. Ga jita, ba a saita makirfo a ramin tsakiya, domin nan sauti ke kumbura. A inda wuya ya haɗu da jiki ake nufa, da tazarar taƙi ɗaya. Ga gurmi, a ɗan karkace daga fatar. In makirfo ɗaya ne zai ɗauki murya da kiɗa tare, sai a tsayar da shi tsakanin haɓa da tsirkiya, a riƙa ɗagawa ko saukewa har su daidaita. Saƙon muryar WhatsApp kuwa domin magana aka tsara shi: yana matse sauti, kalmomin su fito, amon tsirkiya ya dushe.