Yadda Shari'a Ta Bar Fada

A zamanin En'e, alƙali ma'aikacin sarki ne. Sarki ke zaɓensa, baitulmalin En'e ke biyansa albashi, 'yan doka da gidan yari ma duk a hannun sarkin suke. Kotun sarki a manyan masarautu irin su Kano tana iya yanke hukuncin kisa, sai dai a jira amincewar Gwamna. Turawa sun bar abin a haka domin ya yi musu arha. Illar ta fito fili bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, lokacin da abokin hamayyar sarki ya zama wanda ake gurfanarwa a gaban alƙalin sarki. Taro ba izini ko zargin zagin sarauta ya isa a ɗaure mutum, kuma Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku a wannan yanayi. Mai ƙara da mai kamu da mai hukunci da mai tsaro duk 'yan gida ɗaya ne.

Gwamnatin Sardauna ta gayyato masana a 1958 ƙarƙashin Abu Rannat, babban jojin Sudan, aka samar da rubutacciyar dokar laifuka da ta fara aiki a 1960. Amma rubuta doka bai sauya ubangidan alƙali ba. Gyaran gaske ya zo a 1967, da gwamnatin Hassan Usman Katsina, ɗan sarki ne kuwa, ta soke kotunan sarakuna, daga baya alƙalai suka koma ƙarƙashin sashen shari'a. A ganina wannan mataki daidai ne. Masu kewar zamanin da suna cewa shari'ar fada ba ta ɗaukar shekaru, ba ta cin kuɗin lauya, kuma raba ta da sarki koyi ne da Turawa. Maganar sauri gaskiya ce, duk wanda ya ga yadda ake ɗage ƙara yau zai yarda. Amma tsoron alƙalin da ke hannun mai mulki ya girmi zuwan Bature nesa ba kusa ba, shi ya sa Imam Abu Hanifa ya zaɓi kurkuku a kan karɓar alƙalanci daga Halifa Mansur.

Suka mafi nauyi ita ce an ƙwace alƙali daga sarki an miƙa wa soja. Akwai hujja: a 1970 gwamnatin Gowon ta shafe hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Lakanmi da dokar soja. Duk da haka, kotun da ke da tsarin mulki a bayanta tana iya abin da alƙalin fada bai taɓa iyawa ba. A 1980 gwamnatin Shagari ta kori Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, zuwa Chadi, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta ce korar haramtacciya ce, ta umarci gwamnatin tarayya ta biya shi diyya.