Ƙurar da ke jiran mutum shekara arba'in: tarihin asbestas da sankarar tantanin huhu

Yau zancenmu a kan wani abu ne da da yawanmu muka yi karatu a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya yi firamare a Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa a shekarun 1970 da 1980 zai tuna farin silin ɗin nan mai murabba'i, da rufin siminti mai tudu da kwari wanda ba ya ƙara kamar kwano idan ana ruwa. Magina suna ce masa asbestas. Zan ba ku tarihin yadda aka gano cewa ƙurarsa tana kisa, sannan in faɗi abin da ya shafe mu a ciki.

Asbestas dutse ne da ake haƙowa. Idan an farfasa shi sai ya zama zare-zare siriri kamar auduga. Wuta ba ta cin sa, ba ya tsatsa, gara ba ta taɓa shi, ga araha. Shi ya sa Turawa suka riƙa cuɗa shi da siminti suna yin rufi, sili da bututun ruwa.

To, a 1924 aka ga wata babbar alama. A garin Rochdale na Ingila, wata ma'aikaciyar masaƙar asbestas ta kamfanin Turner, Nellie Kershaw, ta rasu tana da shekara 33, huhunta ya ƙandare saboda ƙura. A 1931 Ingila ta kafa dokar rage ƙura a masana'antu, amma aka ci gaba da kasuwanci.

Babban labarin dai a nan Afirka ya faru. A shekarun 1950, wani likitan asibitin masu tarin fuka a Kimberley ta Afirka ta Kudu, Dokta Sleggs, ya lura da wani abu. Ana kawo masa marasa lafiya da ruwa a ƙirji. Waɗanda suka zo daga gabas suna warkewa da maganin tarin fuka, amma wasu daga yamma, wajen Kuruman da Prieska inda ake haƙar shuɗin asbestas, mutuwa suke yi. Sai ya haɗa kai da Dokta Wagner da Dokta Marchand. A 1960 suka fitar da rahoto kan mutum 33 masu wata sankara da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda likitoci ke kira mesotiliyoma. Mutum 32 daga cikinsu sun yi hulɗa da asbestas. Ku saurara da kyau: da yawansu ba su taɓa aikin haƙa ba. Zama kawai suka yi kusa da wurin, wasu tun suna yara suna wasa a kan tulin ƙasar.

A 1965, Newhouse da Thompson suka nuna a Landan cewa har iyalan ma'aikata suna kamuwa, saboda ƙurar da ke biyo tufafin maigida. Kuma ciwon ba ya gaggawa. Yakan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ya bayyana, idan kuwa ya bayyana, mafi yawa ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu. Ingila ta haramta asbestas gaba ɗaya a 1999, amma har yanzu sama da mutum 2,000 ne ke mutuwa da wannan sankara a can duk shekara. Tarayyar Turai ta haramta a 2005, Afirka ta Kudu a 2008.

Yanzu mu dawo gida. A daidai lokacin da Wagner ke wannan bincike ne ake kafa masana'antun simintin asbestas a Najeriya: ɗaya a Ikeja a 1959, wata a Emene kusa da Enugu a 1961, wadda take ɗauke da sunan Turner ɗin nan. Daga baya Bauchi ma ta samu tata. Sai ga kuɗin mai. Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, sai shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya zo da ajujuwa ƙauye-ƙauye. Makarantu, ɗakunan shan magani da gidajen ma'aikata da dama na wancan zamani da irin wannan sili aka yi su.

Ku yi lissafi da kanku. Kafintan da ya yanka sili da zarto a 1980 yana saurayi, yau yana cikin wa'adin. In ya zo da numfashi sama-sama, ciwon ƙirji da rama, me za a fara cewa? Tarin fuka. Kuma da gaskiyar mai faɗa, domin tarin fuka ya fi yawa nesa ba kusa ba. Amma darasin Kimberley ke nan: ciwon ya daɗe yana fakewa a bayan tarin fuka, sai da wani ya tambayi majinyata inda suka zauna da aikin da suka yi. Gano shi sai an ɗebi tsokar tantanin an gwada, a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Kada kowa ya firgita ya je ya ɓamɓare silin ɗakinsa. Asbestas da yake zaune lafiya, bai fashe ba, haɗarinsa kaɗan ne. Matsalar tana wajen fasawa, yankawa, hudawa da share ƙurarsa a bushe. Idan ana rushe tsohon aji, a jiƙa shi da ruwa, a cire shi ɗungurungum, a kori yara daga wurin. Kada a kwashi gutsattsarinsa a kai gida don akurkin kaji ko murhu. Magina da kafintoci, ku canza kayan aiki kafin ku shiga cikin iyali. Kai kuma da ka kai dattijo asibiti ya sha maganin tarin fuka babu sauƙi, faɗa wa likita sana'ar da ya yi shekara arba'in baya, ko da bai tambaye ka ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.