Lambar da ta karya zaton Fermat

A shekara ta 1640, Pierre de Fermat, alƙali a birnin Tuluz na ƙasar Faransa, ya rubuta wa masanin lissafi Frénicle wasiƙa a kan wani jerin lambobi. Ga yadda ake gina su: a ɗauki 2, a ninka ta da kanta a samu 4, a ninka 4 da kanta a samu 16, haka har 256 da 65 536, sa'an nan a ƙara 1 a kan kowace. Abin da ke fitowa shi ne 3, 5, 17, 257 da 65 537. Dukansu gagara-rabo ne, wato babu lambar da ke raba su daidai sai 1 da su kansu. Fermat ya ce duk masu biyowa ma haka suke, ko da yake ya amsa cewa ba shi da cikakkiyar hujja. Har ya rasu a 1665 bai same ta ba.

Ta shida a jerin ita ce 4 294 967 297. Wutiri ce mai alƙaluma goma, kuma wanda ke son tantance ta ta hanyar gwaji ɗaya bayan ɗaya yana iya fuskantar rabawa fiye da dubu shida. Saboda haka maganar Fermat ta zauna kusan shekara ɗari ba wanda ya tayar da ita.

A 1729 Christian Goldbach ya ja hankalin Leonhard Euler, wani matashi ɗan ƙasar Suwis da ke aiki a Rasha, zuwa ga wannan magana. A 1732, yana da shekara 25, Euler ya nuna cewa lambar tana rabuwa: 641 sau 6 700 417. Dabarar da ya bayyana daga baya ita ce, duk gagara-rabon da zai raba wannan lamba dole ya zama ninkin 64 da ƙarin 1. Irinsu na farko su ne 193, 257, 449, 577 da 641. A gwaji na biyar ke nan magana ta ƙare. Lambar ta fita daga sahun gagara-rabo, ta shiga sahun waɗanda gagara-rabo biyu kacal suka haifa.

Duk da haka jerin bai zama banza ba. A 1796 Gauss ya tabbatar ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai-wa-daida da rula da kamfas kaɗai, domin 17 gagara-rabo ce daga cikin jerin. Amma har yau, duk da ƙarfin kwamfuta, ba a sake samun gagara-rabo ko ɗaya a jerin ba bayan 65 537.

Malamin da ke gaban allo yana da abin ɗauka a nan. Ɗalibi kan ga ƙa'ida ta yi daidai sau uku ko huɗu, ya ɗauka ta tabbata. Fermat ya gani sau biyar, kuma ya yi kuskure. Abin da ya kare mutuncinsa shi ne ya bambanta abin da yake zato da abin da ya tabbatar, ya kuma faɗa a fili.