Mutumin da Ya Shiga Rami Don Ya Leƙa Cikin Rana

Na san wani zai ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da kimiyyar ƙwayar zarra. To, labari ne na ji ya tsaya mini a rai, kuma mu masu bin tsofaffi da rikoda muna neman tarihi mun san zafin a ce abin da ka jiyo da kunnenka bai yi daidai da na littafi ba.

A shekarar 1930 wani masani, Wolfgang Pauli, ya ce lalle akwai wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya da ke sulalewa ba a gani. Enrico Fermi ya yayata sunanta, watau niyutirino. Ba a kama ta ba sai 1956, lokacin da Reines da Cowan suka yi nasara a Amurka, har suka buga wa Pauli waya.

Rana tana feso waɗannan ƙwayoyi dare da rana, biliyoyinsu suna ratsa jikinka, ya mai karatu, ba ka sani ba. Raymond Davis ya ƙudura sai ya ƙirga su. Ya gangara ramin haƙar zinariya na Homestake a jihar Dakota ta Kudu, zurfin kusan mita 1,500, don dutse ya tare masa sauran ƙwayoyin sama masu ruɗa lissafi. Can ya girke tanki mai cin galan 100,000 na ruwan nan da ake wanke kwat da shi, saboda yana ɗauke da sinadarin kulorin. In niyutirino ta yi karo da kulorin sai ya rikiɗe ya zama agon. Amma fa wajen ƙwayar agon ɗaya ake samu a kwana biyu! Bayan 'yan watanni ya tace tankin ya ƙirga. Neman allura cikin ruwa ke nan.

Da sakamako ya fara fitowa a 1968, sai ga kusan sulusin abin da abokin aikinsa John Bahcall ya lissafa. Daɗa sai surutu ya tashi. Wasu suka ce tankin ne ke da lahani, wasu suka ce lissafin ne. Davis bai ƙara ko ɗaya a kan abin da ya ƙirga ba, Bahcall kuma bai rage nasa ba. A ganina nan ne girman labarin yake. Shekara talatin ana haka.

Ashe duka biyun suna da gaskiya. A 2001 masu bincike a Sudbury ta ƙasar Kanada suka tabbatar cewa niyutirino iri uku ce, tana sauya kama a hanya, tankin Davis kuwa iri ɗaya kurum yake iya cafkewa. A 2002 ya karɓi lambar Nobel yana da shekara 88.

Kogon nasa bai zama kufai ba. A ciki aka kafa na'urar LZ mai neman ɓoyayyen abin nan da ake zaton shi ya fi yawa a sararin samaniya, kuma a sakamakon da suka bayar a 2024 ba su same shi ba.