Yaɓen gida a Birnin Damagaram

A zamanin Sarki Tanimun (1851-1884), sa'ad da ayari ke haɗa Damagaram da Kano da Tarabulus, attajiri kan bayyana arzikinsa a fuskar gidansa: zane a ƙofar zaure, zankwaye bisa soro. Gida abin gado ne, yaɓen makuba kuwa saboda damina ake yinsa. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta raunana fataucin Sahara, a 1926 kuma babban birni ya koma Yamai. Yau idan magada za su sayar, dillali kan ce a shafe bango da siminti. Siminti kuwa kan riƙe damshi, tubali ya ruɓe, zane ya ɓace. Kafin dillali, a fara kiran maginin gargajiya.